Tarwaɗa a Bido, Daga Yawuri Zuwa Gidan Amumune

Tun da na komo daga Yawuri bakina bai huta ba. In na zauna wurin mai shayi a tambaye ni, in na je kasuwar Mayahi a tambaye ni, har ina cikin rijiya wani ya leƙo daga sama yana so in gaya mishi ko da gaske akwai kifin da ke gurnani. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nashi ya ƙara mishi gishiri. To ga shi daga farko, yadda ya faru.

Sunana Illo, sana'ata haƙar rijiya, a Gidan Amumune aka haife ni. Wana Sanda shi ne babba a ɗakinmu. Shekarar da fari ya gama da dabbobi, shanunshi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, gona ba ta ba da ko na iri ba, matarshi ta kwashi yara ta koma gidan iyayenta. Wata safiya aka wayi gari babu Sanda. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, soja suka karɓi mulki a Yamai, ruwan sama ya fara komowa kaɗan-kaɗan, amma shi ko saƙon gaisuwa.

Sai wani ɗan garinmu mai fataucin albasa ya zo da labari. Ya ce ya gan shi a Yawuri, bakin Kwara, zaune da doguwar sanda a hannu tun azahar har rana ta yi sanyi, ba ya magana da kowa. Ya ce da idonshi ya ga Sanda ya kama kifi, ya buɗe bakin kifin ya duba, ya mayar da shi ruwa. Mutanen da suka ci dusa da ganyen jiga ba su buƙatar ƙarin bayani game da wanda ya kama nama ya jefar. Kafin magariba gari ya gama yanke hukunci: aljanun ruwa sun taɓa shi. Surukanshi suka fara zancen raba aure. Kawunmu ya kira ni, ya ce in Sanda bai komo kafin shuka ba zai ba wani aron gonar, don ba a barin ƙasa kwance. Ya ce in tafi in gano da idona.

Na tashi a ƙarshen bazara. Daga garinmu zuwa Mayahi a kan amalanke, daga Mayahi kuma na samu kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Tasawa, an lafta mishi buhunan wake, mu fasinja a sama. Ba mu yi nisa ba ya nutse cikin rairayi har ciki. Direba ya ce kowa ya sauka. Da aka ji ni mahaƙi ne sai aka miƙo mini shebur, sauran suka zauna inuwar gawo suna ba ni shawara. Na tone ƙafafun, muka shimfiɗa rassan sabara, kamyo ya fita. Ladata ita ce aka ba ni wuri kusa da direba, inda zafin inji ya dafa mini ƙafafu har Tasawa. A bakin gari jandarma suka tsayar da mu, kowa ya fito da kartidanti, katinshi na shaida, suka caccaki buhuna don su tabbata ba gero ne za a fitar waje ba. Na kwana a zauren wani magini da muka taɓa aiki tare. Matarshi ta dama mini fura a gora, ta ce in sha a hankali, don in na wuce Katsina ba zan ƙara ganin irinta ba. Ta yi gaskiya.

A iyakar Mai Mujiya babu abin da ya nuna an canza ƙasa sai kakin masu tsaro. Gawo ɗaya, jakai ɗaya, Hausa ɗaya. Amma da na ce wa wani yaron mota ina neman kamyo mai zuwa Katsina sai ya yi dariya ya ce su lori suka sani. A Funtuwa na ce wa mai abinci ta ba ni hura, ta sa na maimaita don ƙawarta ta ji. Ban ji haushi ba, don ni ma na yi dariyar tasu a raina: fura ce tsararo, nono kamar an wanke ƙwarya da shi. A tasoshi nake kwana, a barandar masallaci, takalmana ƙarƙashin kai. Daga Funtuwa zuwa Kwantagora ƙasa ta canza, ta yi ja, itatuwa suka yi tsayi, har an fara ruwa. Wani tsoho da ke kusa da ni a mota ya tambaye ni zurfin rijiyoyinmu. Da na gaya mishi cewa in kana ƙasa sama takan koma kamar bakin ƙwarya, sai ya juya ya ce wa sauran fasinja mutanen Faransa, wato mu na ƙetaren iyaka, akwai su da zuƙi. Na bar shi.

Ranar kasuwa na shiga Yawuri. Na bi warin albasa da na bandar kifi har na fito bakin ruwa, a nan na tsaya. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina bin ruwa cikin ƙasa, ina murna in ya tsatso ya kai mini idon sawu, sai ga shi shimfiɗe, ɗaya gaɓar da ƙyar ake hange. Abin da ya fi ba ni mamaki ba yawan ruwan ba ne, yadda ake wulaƙanta shi ne. Mace ta wanke tukunya ta watsar, ta sake ɗiba ta watsar. A garinmu ruwan da aka wanke gero da shi akuya ke sha. Ga kwale-kwale suna ta isowa daga tsibirai, wasu ma mata ke tuƙa su, da goyo a baya, suna wani yare da ban taɓa ji ba.

Ƴan dako suka san shi. Suka ce Sanda Ba'adare, ko da yake mu ba Adarawa ba ne, su duk wanda ya fito arewa haka suke kiranshi. Suka ce ya gama aiki, yana wurin da ya saba. Na bi gaɓa har bayan gari. Na same shi ƙarƙashin wata bishiya tare da wani dattijo mai farin gemu, kowa da sandar gora. Ya yi ƙiba kaɗan. Na yi sallama, ya ɗago ya gan ni, fuskarshi ta motsa, amma maimakon ya tashi sai ya ɗaga mini hannu alamar in tsaya. Na ce a raina ashe mai albasa bai yi ƙarya ba.

Sai ya fizgi sandar, wani kifi mai faɗi ya fito yana walƙiya. Ya cire ƙugiyar a hankali, ya ce, "Illo, matso ka gani."

Ya buɗe bakin kifin da babban yatsa. Ciki cike da wasu ƴan abubuwa masu motsi, kowane da idanu biyu baƙaƙe, ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

"Karfasa ce, uwa. A baki take goyo. In tana haka ba ta cika cin komi ba, sai yunwa ta kai mata wuya. In na sa wagga a tukunya, duka waɗannan na kashe."

Ya sunkuya ya sake ta cikin ruwa. Sannan ya wanke hannu, ya rungume ni, ya tambayi lafiyar Inna, mahaifiyarmu. Na ce tana nan lafiya, daɗi ya cika ni. Wana lafiyarshi lau.

Dattijon, Malam Garba, tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya. Ba masunci ba ne, ba ya sayar da kifi, fatsa kawai yake yi don jin daɗi. Shi ya tsinci Sanda farkon zuwanshi, lokacin da yake zama bakin ruwa ba ya ci ba ya barci saboda tunanin shanu. Bai yi mishi wa'azi ba. Gorar fatsa ya miƙa mishi, da tana a gwangwani, ya ce ya sa ido a kan ƴar totuwar da ke ɗaure a zare tana yawo bisa ruwa, kada ya duba komi sai ita. Sanda ya ce mini wannan totuwar ita ta fara raba shi da ganin gawar shanu in ya rufe ido.

Na sauka ɗakin Sanda, jikin ɗakin ajiyar albasar da yake wa dako. Har yau in na ji warin albasa sai in tuna sauron Yawuri. Abinci kuwa tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, safe da yamma. Ranar farko ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro, mai abincin ta sa na haɗiye lomar tuwo ba tauna, tana faɗin mutum da gemunshi bai iya cin kifi ba. Ban yi mishi zancen gida nan da nan ba. Da safe in taya shi dako, da yamma mu tafi bakin ruwa, suka yanko mini tawa gorar.

Da can a wurina kifi kifi ne, baƙin abin nan busasshe da ake kawowa kasuwar Mayahi a kwali. A nan na gane kowane da gidanshi da halinshi, kamar mutane. Karfasa tana son wuri marar zurfi mai rairayi, inda namijin ke share ɗan gurbi kamar faranti, in ruwa ya kwanta har ana ganinshi. Tsage yana inda ruwa ke gudu, haƙoranshi a waje, sau da yawa ya datse mini zare ya tafi da ƙugiya. Giwan ruwa yana can zurfi gindin duwatsu, ba ya kula tana, sai ƙaramin kifi mai rai. Shi ban kama ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na ga wanda masunta suka fitar, mutum biyu ke ɗauke da shi a sanda. Ƙurungu kuwa, wanda ake ta tambayata, gaskiya ne yana gurnani in an fito da shi. Yana da ƙayoyi da yake miƙewa su kafe, kuma akwai irinshi da ke iyo a rigingine, ciki sama, yana kiwo a ƙarƙashin ganye.

Wata rana na jawo wani kifi mai taushi, mai ƙiba, da ɗige-ɗige, ba shi da ƙaya ko ɗaya a baya. Na ji Malam Garba ya ce kada in taɓa, amma hannuna ya riga ya kai. Abin da na ji, kamar an maka mini taɓarya a gwiwar hannu. Na yar da kifi, na yar da gora, na zauna cikin ruwa da wandona. Sanda ya yi dariya har ya kwanta. Rabon da in ji dariyarshi tun kafin fari. Minjirya ke nan, da wannan take kashe ƙananan kifi, da shi take korar wawaye irina.

Kwale-kwale sau ɗaya na shiga. Mutumin da ke sauka rijiya da igiya ɗaya ba tsoro, sai ga ni kwance a cikin jirgi na riƙe ƙafar matuƙi. Ban sake ba.

Inda na yi abin kirki shi ne wurin tarwaɗa. Akwai wani lungu da ruwa ya janye ya bar kududdufi, ruwan kore, ba mai kula shi. Na taka gefen na ji laka baƙa mai danƙo, mai wari, irin wadda na sani a hannu. Na tsaya ina kallo, sai na ga wani abu ya taso ya buɗe baki a saman ruwa ya koma. Na sa tana na jefa har ƙasa, ba da totuwa ba. Zaren ya tafi a hankali, sannan ya miƙe. Muka yi ta ja, ni da shi, gorar ta lanƙwashe, na shiga laka har gwiwa, daga ƙarshe na rungumo shi da hannu biyu. Tsawonshi ya kai hannuna daga kafaɗa. Malam Garba ya tashi tsaye ya ba ni hannu, ya ce a shekarun nan bai ga wanda ya fitar da irinshi da gora ba. Da za a gyara shi sai ya fasa kan, ya nuna mini wani jan abu mai rassa kamar ƙaramin icce, a bayan inda kifi ke shaƙar ruwa. Ya ce da wannan tarwaɗa ke shan iska kamar mu, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe karfasa, har ma a danshin laka. Gashin bakinta kuma da shi take laluben abinci inda ido ba ya gani.

Na kwana da abin a raina. Lakar nan irin ta tabkin bayan garinmu ce, wanda ke cika da damina ya riƙe ruwa har bayan girbi. Washegari na tambayi Malam Garba ko tarwaɗa za ta zauna a can. Ya ce bai sani ba, bai taɓa zuwa ba, amma lokacin ya yi daidai, don da ruwan farko suke haihuwa, cikin ciyawar da ruwa ya sha.

A ranar na gaya wa Sanda zancen Kawu da na surukai. Bai ɗauke ido daga totuwarshi ba. Ya ce, "Da mi zan shiga garin, Illo? Mutum ya fita shina da garke, ya komo da warin albasa?"

Ban matsa mishi ba. Na ce to ni zan koma, kuma zan tafi da tarwaɗa masu rai in gwada. Ya tambaye ni yadda zan bambanta mace da namiji. Na ce ban sani ba. Ya tambaye ni sau nawa zan canza musu ruwa, da me zan yi in sun fara kifewa. Na ce zan gani a hanya. Ya yi tsaki, ya ce wa Malam Garba wannan ko Kwantagora ba zai kai su ba.

Malam Garba ya ce, "To ai sai ka raka shi."

Su biyu suka zaɓi kifin, mata masu cikin ƙwai da maza, matsakaita, ba manya ba. Muka samu bido biyu, su jarka suke cewa, muka yanke saman, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Malam Garba ya raka mu tasha, ya ba Sanda ƙugiyoyi a ƙunshe, ya juya da sauri bai tsaya ganin tashin mota ba.

Komowar ta fi tafiyar wuya. Ba a ba su abinci a hanya don kada ruwan ya ɓaci, kuma duk inda mota ta tsaya, mutane na neman abinci mu muna neman rijiya. Kusa da Funtuwa mota ta faɗa rami, buhu ya zame, wata tarwaɗa ta yi tsalle ta sauka a cinyar wata hajiya mai kayan koli. Ta yi salati, ta ce maciji, mota ta hargitse, direba ya taka birki. Sanda ya bi kifin ƙarƙashin kujeru ya kamo shi. Muka ba da haƙuri har muka gaji. Da ta huce sai ta ce a sayar mata da shi ta yi miya, Sanda ya ce wannan amarya ce za a kai ta gidan miji.

A Mai Mujiya wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ya nuna bidon da sanda ya ce mi ke ciki. Na ce tarwaɗa. Ya ce banda? Na ce masu rai. Ya ɗaga buhun, wata ta taso ta shaƙi iska a gabanshi. Ya kira abokan aikinshi, suka kewaye mu, aka rasa a wane irin kaya za a sa su. Cikinsu akwai wani Bazabarme, ɗan bakin kogi, da aka turo aiki nan cikin rairayi. Ya tsuguna ya sa hannu cikin ruwan ya daɗe bai cire ba. Da Hausarshi mai gargada ya ce ruwan ya yi zafi. Ya shiga ciki ya kinkimo ruwan randarsu ta sha, ya canza musu da hannunshi, ya ce mu wuce. Duk da haka wasu sun mutu kafin Tasawa. Matar maginin nan ta yi mana miya da su, sauran muka iso da su.

Da muka shiga gida Sanda ya durƙusa daga nesa ya gaida Inna. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunanshi, ba ta kuma yi mishi magana kai tsaye a gaban mutane. Ta amsa gaisuwar tana kallon bango. Sai ta taso ta leƙa bidon, don ba ta taɓa ganin kifi mai rai ba. Ta ce da ni, "Ka tambayi wancan ko waɗannan sun sha wahalar hanya." Na tambaye shi, shi da ke zaune kusa da ni. Ya ce sun sha, amma sun iso. Ta ce in gaya mishi akwai fura a ɗaki.

Muka ajiye su a wani tsohon kwamin siminti da ake shayar da dabbobi, muka yi mishi rumfa. Ni ke jawo musu ruwa. Gari ya yi ta zuwa kallo, wasu na cewa da mahaukaci ɗaya ne, yanzu sun zama biyu. Sanda bai kula ba, ya shiga sharar gonarshi. Kawu da kanshi ya je wurin surukai, matar ta komo da yara kafin ruwan shuka.

Da aka yi ruwa mai ƙarfi tabki ya cika ya haura cikin ciyawa, muka kai su muka saki. Suka nutse, shi ke nan. Muka yi shuka, muka yi noman farko, ba mu ga ko alamarsu ba. Na fara tunanin ko shamuwa da yara sun gama da su.

Wata safiya ina shirin fita aiki Sanda ya shigo, wandonshi jiƙe har cinya, ɗauke da ƙwarya da hannu biyu kamar mai ɗauke da nono. Bai tsaya wurina ba, ya wuce ƙofar ɗakin Inna ya ajiye. Na bi shi na leƙa. Ƴan baƙaƙen abubuwa ne, ba su kai ɗan yatsa ba, suna ta kewaya ƙwaryar, kowane da ɗan gashin bakinshi siriri. Ya ce gefen ciyawa cike yake da su.

Inna ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ce waɗannan kam ƴan garinmu ne, a nan aka haife su. Sannan ta ɗago, ba ta dube ni ba, ta dube shi, ta ce, "Mi suke ci, su da ba su da nono?"

Sanda ya gyara zama ya fara yi mata bayani. Na ɗauki igiyata da dagi na bar su a nan, ita tana tambaya, shi yana amsawa.